Kwamfuta ɗaya a gida, na'urorin sauraro barkatai: yaya za a yi kada wani ya share ma wani nasa?

Zainabu, Bukoki:
Salamu alaikum ƴan zaure, ina kwananku. Tambaya gare ni ga masana. Gida ne mai kwamfuta ɗaya ta tebur, Windows 10, kowa yana taɓa ta. Abubuwan da ake lodawa daga gare ta: iPod nano ɗaya, tsohuwar iPod classic ɗaya, ƙananan MP3 biyu iri ɗaya sak na yara, rediyon Baba mai cin kart memuwar, sai wayoyin Android biyu. Ana son kowa ya samu nasa, karatu da tafsiri ga Baba, waƙoƙi ga matasa, darussa ga yara, ba tare da an share ma wani kayansa ba, kuma ba tare da waƙa ɗaya ta zauna wuri huɗu a diski ba. Ta ina ake farawa?

Sani Mai Gyara, Katako:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a yi maganar kowace manhaja, a fara da wurin ajiya. Buɗe dosiye guda ɗaya, ki sa masa suna Rumbu, a D: in diskin a rabe yake, in ba haka ba a C:. Duk wani sauti na gidan nan can zai zauna, kwafi ɗaya tak. A cikinsa a raba: Alkurani, Tafsiri, Waazi, Wakoki, Darussa. Cikin Wakoki a sake rabawa da harshe ko da mawaƙi, Hausa, Zabarmanci, Buzanci, Fulatanci, na waje. Kin ga na rubuta sunayen ba ƙugiya, da gangan ne, zan zo kansa.

Sai dosiye na biyu a gefe, Sabbi. Duk abin da ya shigo gidan, daga WhatsApp ne, daga wurin masu turi a kasuwa ne, daga wayar abokin wani ne, nan zai sauka tukuna. Mutum ɗaya ne zai duba shi, ya gyara suna, ya kai shi Rumbu.

Doka ɗaya ce ke riƙe da sauran duka: daga Rumbu zuwa na'ura ake turawa, ba a juyowa. Kamar randa ce da moɗa, ana ɗiba a sha, ba a mayar da ragowar cikin randa. Na'ura in ta lalace ko ta ɓata, a sayi wata a sake cikawa, ba abin da aka rasa.

Lawali, Yantala:
Na yarda da Rumbu, amma Sani ka tsallake babban abu. In kowa yana shiga da kont ɗaya, dokarka a baki kawai take. Yaro ɗan shekara goma zai ja dosiye ya saki cikin wani bai ma sani ba. A buɗe ma kowa kont nasa a Windows, na yara ya zama na talakawa, mai kula shi kaɗai ne mai iko. Rumbun kuma a sa shi a dosiyen Public, wanda kowa ke gani daga kont ɗinsa. In Windows ɗin na Faransanci ne za ki ga an rubuta Utilisateurs, amma ainihin hanyar ita ce C:\Users\Public\Music.

Sani Mai Gyara, Katako:
Public ɗin nan da kake yabo, Lawali, kowa yana iya sharewa a cikinsa. An yi shi ne don kowa ya rubuta. Ina tsaron yake?

Lawali, Yantala:
Wannan haka yake. To a bar shi a D:\Rumbu kamar yadda ka ce, a ɗaure shi. Danna dama a kan dosiyen, Propriétés, Sécurité, Avancé, sai Désactiver l'héritage, ka zaɓi a mayar da izinin da aka gada ya zama na dosiyen kansa. Daga nan ka bar ma Utilisateurs karantawa da kunnawa kawai. Inda mutane ke faɗuwa shi ne su manta da layin Utilisateurs authentifiés, wanda sau da yawa yana da izinin gyara, kuma duk mai kont a kwamfutar yana ƙarƙashinsa. Shi ma a rage masa. Gwaji mai sauƙi: shiga kont ɗin yaro, ka yi ƙoƙarin share waƙa ɗaya. In ta nemi kalmar sirrin mai iko, an gama. Sabbi kuwa a bar shi a buɗe ga kowa.

Hadiza Info:
Yaya Zainabu, kada ki jona iPod ko ɗaya sai kin karanta wannan, don a nan ne ake kuka. iPod ba kamar kile ba ce da za ki ja waƙa ki saki. Tana da nata kundin, manhajar Apple mai suna iTunes ce ke rubuta shi, kuma kowace iPod da laburare ɗaya, wato tarin waƙoƙin da iTunes ke riƙe da shi a kwamfuta, take ɗaure a lokaci guda. In aka jona ta da wani laburaren daban, ko da a kwamfuta ɗaya ne cikin kont ɗin wani, za ta fito da saƙo mai maɓallin Effacer et synchroniser. Wanda ya danna shi don ya kawar da saƙon daga gabansa ya share duk abin da ke cikin iPod ɗin.

Matakin farko, tun ba a jona komai ba: buɗe iTunes, Édition, Préférences, Appareils, ki sa alama a layin da ke hana iPod da iPhone da iPad daidaita kansu kai tsaye. In an yi kont-kont, a kowane kont sai an yi wannan, ba ya bin mutum.

Mataki na biyu, ceto abin da ke cikin classic ɗin, tunda tsohuwa ce kuma ƙila akwai abin da babu shi a kwamfuta. Ki jona ta, ki kunna amfani da ita a matsayin diski, ki buɗe ta a Explorateur, a Affichage ki sa alama a Éléments masqués. Za ki ga dosiye iPod_Control, cikinsa Music, cikinsa F00, F01, F02 har ƙasa. Kwafe Music ɗin duka zuwa Sabbi. Sunayen fishiyen za su ba ki haushi, haruffa huɗu ne marasa ma'ana, amma sunan waƙa da mawaƙi suna nan a cikin fishiyen. Manhajar Mp3tag, mai gyara bayanan cikin fishiye, tana iya mayar da sunayen daga can a danna ɗaya. Wannan dabara tana aiki a classic da nano, ba ta aiki a iPod touch don ita ba ta buɗewa a matsayin diski.

Zainabu, Bukoki:
Madalla ƙanwata. To iPod biyun, kowace da nata laburare ke nan?

Hadiza Info:
A ganina a'a. Laburare ɗaya yana ɗaukar iPod da yawa, matsalar tana zuwa ne in iPod ɗaya ta zagaya laburare da yawa. Ki zaɓi kont ɗaya na lodin iPod. A cikin iTunes ki yi jerin waƙoƙi biyu, kowane da sunan mai iPod ɗin. Ki jona nano, ki shiga shafin Musique, ki bar zaɓin tura laburare duka, ki ɗauki na tura zaɓaɓɓun jeri, ki sa alama a nata kawai. Haka classic. iTunes tana gane kowace iPod da lambarta, tana tuna ma kowace abin da aka zaɓa mata. Jeri ba ya cin wuri, nuni ne kawai zuwa fishiyen da ke Rumbu, don haka waƙa ɗaya tana iya shiga jeri biyar tana nan kwafi ɗaya.

Nano ɗin in mai 8 GB ce, a yi mata jeri mai wayo, a ce masa ya tsaya a 7 GB, ba za ta riƙa kukan cika ba. Akwai kuma zaɓi a shafin farko na iPod ɗin da ke rage waƙoƙi masu nauyi zuwa 128 kbps (ma'aunin nauyin sauti ke nan) lokacin turawa, na Rumbu ba ya taɓuwa. Classic mai 80 ko 120 ko 160 GB ba ta buƙatar wannan.

Abu biyu a Préférences, shafin Avancé: cire alamar kwafe fishiye zuwa dosiyen iTunes Media, cire ta shirya dosiyen da kanta. Ta farko ita ce ke ninka waƙoƙi a diski, ta biyu tana sauya suna da wurin duk abin da ke cikin dosiyenta.

Lawali, Yantala:
Laburare ɗaya yana gauraya lissafin sauraro da taurarin kowa. Wanda ya saba da jerin "waɗanda na fi ji" zai tarar da na ƙaninsa a ciki. Ga wanda abin ya dama, ba sai ya buɗe kont ba ma: riƙe maɓallin Maj, wato Shift, lokacin da kake buɗe iTunes, za ta tambaye ka ka zaɓi laburare ko ka ƙirƙiri sabo.

Hadiza Info:
Tana yi, amma iTunes tana buɗe laburaren da aka rufe da shi na ƙarshe ba tare da ta tambaya ba. A gidan da mutum bakwai ke taɓa kwamfuta, wa zai tuna ya riƙe Maj kullum? Saƙon sharewa zai dawo. Gauraya taurari ƙaramar asara ce a kan wannan. In dole sai an raba, kont daban ya fi aminci, kuma a rufe iTunes kafin a sauya kont, don in tana buɗe a na wani takan ƙi buɗewa a naka.

Abdu Rezo:
Ku kuna ta iTunes kamar har yanzu muna 2010. Apple ta daina classic a 2014, nano da shuffle a 2017, touch a 2022. A zuba Rockbox, manhajar da ke maye gurbin tsarin Apple a cikin iPod, a classic ɗin kawai, ta koma ja ka saki kamar kowace MP3, har FLAC da Opus take karantawa.

Hadiza Info:
Ga mai son wasa da na'ura, Rockbox abu ne mai kyau. Ga gidan da aka zo neman sauƙi, ba zan ba da shawarar a taɓa tsarin farawar na'urar ba, kuma nano na baya-bayan nan ba ya hawa kansu, sai a koma hanya biyu maimakon ɗaya. iTunes ta Windows tana nan tana aiki da tsofaffin iPod. Gargaɗi ɗaya: in aka saka sabbin manhajojin Apple Music ko Appareils Apple daga Microsoft Store, iTunes tana sakin waƙoƙi ta koma ta littattafan sauti da podkas kawai. Kada yaro ya saka su a kwamfutar.

Malam Isufu, Tawa:
Salamu alaikum, Allah shi ba mu lahiya. Kun yi nisa da iPod, ku dawo ga rediyon tsoho, shi ne za a fi kunnawa a gidan. Waɗannan rediyo da ƙananan lasifika masu cin kart suna da sharuɗɗa uku, kuma ba sa gaya maka wanne ka karya, shiru kawai za ka ji.

Na ɗaya tsarin da aka formate kart ɗin da shi ya zama FAT32. Kart daga 4 zuwa 32 GB da shi suke zuwa. Daga 64 GB sama da exFAT suke zuwa, yawancin rediyon nan ba su san shi ba. A saya ma Baba 8 ko 16 GB a huta. Na biyu fishiyen ya zama MP3 na gaske. Saƙon murya na WhatsApp opus ne, abin da aka ciro daga bidiyo sau da yawa m4a ne. Sauya ƙarshen sunan da hannu zuwa mp3 ba ya sauya abin da ke ciki. A juya shi da VLC: Média, Convertir / Enregistrer, a ɗora fishiyen, a zaɓi Audio MP3. In suna da yawa fre:ac ta fi sauri, tana ɗaukar dosiye guda a lokaci ɗaya.

Na uku shi ne wanda ke sa dattijo ya ce an lalata masa karatu: jeri. Za ka sa surori 114 a tsare, rediyo ya fara da Fatiha ya faɗa Yasin. Dalili, rediyon ba ya duba haruffan suna. Yana bin yadda aka rubuta fishiyen a teburin kart ɗin, wanda ya fara shiga shi ne na farko. In aka share wasu aka ƙara sabbi, sabbin sukan cike guraben da aka bari a tsakiya, jeri ya ƙara dagulewa.

Zainabu, Bukoki:
Wallahi Malam wannan shi ne ƙorafin Baba kullum. Mene ne maganinsa?

Malam Isufu, Tawa:
A fara da suna. Lamba uku a gaba: 001, 002, har 114. In aka rubuta 1, 2, 10, wasu na'urori za su sa 10 da 100 kafin 2. Tafsirin azumi 01 zuwa 30. Sai a formate kart ɗin a FAT32, a buɗe dosiye a cikinsa, a koma Rumbu a tsara da suna, a zaɓi duka. Ga inda hannu ke kuskure: fishiyen da ka kama da linzami ka ja, shi Windows ke fara kwafewa. In ka kama ta 036, daga Yasin za a fara, a zagayo. Ka kama 001. Dosiye ɗaya-ɗaya, ka jira na farko ya gama kafin ka ja na biyu.

In kart ɗin ya riga ya cika ba a son sake lodi, akwai ƙananan manhajoji irin su DriveSort da FATSort masu sake tsara teburin. Ni dai na fi son formate da sake lodi, tunda komai na Rumbu, kuma kart ɗin ya fito tsaf.

Kada a cika masa dosiye cikin dosiye. Rediyon da ba shi da allo maɓallin gaba da baya kawai gare shi. Gara kart biyu, ɗaya na karatu ɗaya na tafsiri, a ajiye su cikin kwalin ashana da rubutu a bayansa, da kart ɗaya mai fishiye dubu da tsoho zai danna gaba sau ɗari uku kafin ya kai inda ya tsaya jiya.

Sani Mai Gyara, Katako:
Maganar ƙugiya da na ce zan dawo. Sunan fishiye da na dosiye a rubuta su da haruffa marasa ƙugiya, ba wasalin Faransanci mai alama a kai, kada a sa Larabci. Ƙananan MP3 da yawa suna nuna ƙ da ɗ da ƴ a matsayin akwati ko alamar tambaya. Cikakken suna mai ƙugiya a sa shi a bayanan cikin fishiyen, waya da iPod su suke nunawa. A Mp3tag a bar tsarin waɗannan bayanan a ID3v2.3, tsofaffin na'urori da yawa ba sa karanta 2.4.

Lissafin wuri, don kada a sayi kart da ka. 128 kbps yana cin kusan 1 MB a minti, 320 kbps yana cin 2.4 MB. Kart mai 8 GB kwamfuta za ta nuna shi kusan 7.4, yana ɗaukar waƙa mai minti huɗu wajen 2000 a 128. Magana ba ta buƙatar nauyin kiɗa: tafsirin awa ɗaya a 64 kbps kusan 29 MB ne, zama 30 bai kai 900 MB ba. Shi ɗin a 320 ya haura 4 GB, kunne kuma ba zai ji bambanci a lasifikar rediyo ba. Juya 128 zuwa 320 kuwa ɓarnar wuri ce zalla, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Rabi, Talaje:
Ina bin ku. Su MP3 biyun nan masu kama ɗaya fa? Yau wannan ne kwamfuta ke ba harafin E:, gobe wancan. Ta haka ake zuba darussan babba a na ƙarami.

Sani Mai Gyara, Katako:
Hanya biyu, a haɗa su. A waje, ɗigon jan farce a bayan ɗaya. A ciki, a sa ma kowace suna: danna dama, Renommer, kada ya wuce haruffa 11, iyakar FAT32 ke nan. MP3_ALI, MP3_NANA, KART_BABA. Ana iya kafe ma kowace harafi a Gestion des disques, a zaɓi na nesa kamar R: da S: don kada kile ɗin baƙo ya ƙwace shi. Amma wasu masu arha kamfani ya ba su lambar shaida iri ɗaya, Windows sai ta ɗauke su abu ɗaya, ta ba su harafi ɗaya, ko ta ƙi ganin ta biyu in an jona su tare. Shi ya sa na fi dogara da suna.

FreeFileSync, manhajar daidaita dosiye da na'ura, kyauta ce kuma tana kiran na'ura da sunanta. A ɓangaren hagu D:\Rumbu\Darussa\Ali, a dama ka rubuta [MP3_ALI]\Darussa. Ka ajiye wannan tsari a fishiye, ka sa shi a fuskar kwamfuta da sunan yaron. Kowace na'ura da nata. In aka jona ta Nana aka danna na Ali, zai ce bai ga na'urar ba, ba zai zuba komai ba.

Lawali, Yantala:
Ka faɗi wane salo za a zaɓa, don nan ma ana ɓarna. Miroir yana mayar da dama ta zama hoton hagu: abin da babu a Rumbu zai share shi daga na'ura. Mise à jour yana ƙarawa ba ya sharewa. Deux sens kuwa kada a kusance shi a wannan tsari, in yaro ya share waƙa a na'urarsa zai bi ta ya share a Rumbu. Miroir ya dace da kart ɗin da kwamfuta kaɗai ke cikawa. Na'urar da ke ɗaukar murya, ko waya, a nufi dosiye ɗaya kawai da shi, kada a nufi tushen na'urar gaba ɗaya, in ba haka ba hotuna da rikodin su tafi. Kullum a danna Comparer a karanta jerin kafin a danna turawa.

Mai son layin umarni: robocopy D:\Rumbu\Tafsiri R:\Tafsiri /MIR /FFT /L. Wannan /L ɗin nunawa kawai yake ba ya taɓa komai, in ka gamsu ka cire shi. /FFT kuma saboda FAT32 da daƙiƙa biyu-biyu yake riƙe lokaci, in babu shi sai a riƙa sake kwafe abin da bai sauya ba.

Malam Isufu, Tawa:
Sai dai a tuna, Miroir ɗin nan in ya share ya ƙara, jerin rediyo ya sake rikicewa. Na Baba a bar shi a hannu.

Abdu Rezo:
Wayoyin Android ba sa samun harafi, da wata hanyar tura fishiye da ake kira MTP suke magana da kwamfuta, robocopy ba ya ganin su, FreeFileSync tana gani. A buɗe makullin allo, a jawo sanarwar USB, a zaɓi tura fishiye, in ba haka ba caji kawai za ta yi. In sanarwar ba ta fito ba sam, kafin a zargi waya a sauya kabul: na caji zalla zaren waya biyu ne a cikinsa maimakon huɗu, ba ya ɗaukar bayanai. MTP yana da nawa, kuma yakan tsaya a tsakiya in lodin ya yi yawa. Ga lodin farko mai gigabait da yawa a ciro kart ɗin wayar a sa a na'urar karanta kart. Amma in an formate kart ɗin a waya a matsayin ma'ajiyar ciki, a kulle yake da wayar, kwamfuta za ta ce a formate shi. Kada a yarda.

Windows Media Player kuma, in ta buɗe ta ce za ta daidaita na'ura, a ce mata a'a. Na'urar da ta wuce 4 GB in laburaren zai shiga ciki, takan zaɓi tura komai da kanta.

Yanzu babbar magana, wadda nake mamakin ba wanda ya taɓo: birus ɗin rakursi. Kart ɗin da ya je wurin masu turi ko wurin buga takardu ya dawo, a ɗauka yana ɗauke da shi. Alamarsa, dosiyoyi su koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a kusurwa, kowane 1 ko 2 KB. Bai share komai ba, ɓoyewa ya yi. Danna rakursin ne ke tayar da shi, ya shiga kwamfuta, daga nan duk na'urar da aka jona mai buɗewa kamar kile ta kamu, har iPod in tana matsayin diski. Gida mai na'ura bakwai, a mako ɗaya ya gama zagaye.

Rabi, Talaje:
In ya riga ya shiga fa?

Abdu Rezo:
Kwamfuta ake fara wankewa, in ba haka ba kana share kart yana sake rubutawa. A sabunta Microsoft Defender, a yi binciken da ake yi kwamfuta na sake tashi, wanda ba ya jiran Windows ta gama hawa. Sannan kart ɗaya-ɗaya. Kada a buɗe shi da danna biyu. Buɗe cmd, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin kart ɗin. Dosiyoyin za su bayyana. A share duk .lnk, da duk .vbs ko .exe ko .js da aka gani, da autorun.inf. Kart ɗin waƙa ba shi da dalilin ɗaukar ɗayansu. Don a riƙa ganin waɗannan ƙarshen sunaye, a Affichage a sa alama a Extensions de noms de fichiers, a bar ta har abada. A kashe Exécution automatique. Kont ɗin talakawa da Lawali ya ce yana rage ɓarna amma ba ya hana wannan birus, don yana iya zama cikin dosiyen mai kont ɗin. Kuma ku sani tallafin Windows 10 na kowa da kowa ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, in kwamfutar tana ɗaukar 11 a hau.

Sani Mai Gyara, Katako:
Ƙari a kan kart. Wanda aka rubuta 64 GB a jikinsa aka sayar da shi kuɗin mai 8 GB, na jabu ne. Zai nuna 64, ya karɓi lodi ba gardama, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa fanko ne, waƙoƙin farko su yi, na baya su ƙi. H2testw tana cika kart ta karanto, ta faɗi gaskiyar girmansa. A gwada shi yana sabo babu komai ciki.

Sai wuta. In aka ɗauke ta ana cikin rubutu, teburin kart ɗin gaba ɗaya yana iya lalacewa, ba fishiye ɗaya kawai ba. Kwamfutar tebur tana son ondilar, akwatin batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ko mai 650 VA ce ta isa a tsayar da kwafi a kashe. A yi kwafe da liƙa, kada a yi yanke da liƙa. In kart ya fara nuna sunaye na shirme, chkdsk E: /f, in bai gyaru ba a formate a sake lodi. A riƙa danna Éjecter, musamman classic, don diski ne mai juyawa a cikinta.

Kada a mayar da kwamfutar wurin cajin gida. Ramin USB 2.0 yana ba da 500 mA, na 3.0 yana ba da 900. Mahaɗin rami huɗu marar nasa wuta duk daga rami ɗaya yake rabawa, shi ne za ka ji na'ura tana fita tana shiga ana cikin lodi. Ɗaya-ɗaya, a ramukan baya. Batirin litiyom ba a son cajinsa sama da digiri 45, kuma kun san Yamai a Afrilu da Mayu, ɗaki mai rufin kwano da rana ba shi da nisa da hakan. A yi caji da dare ko da asuba. Wanda bayansa ya fara kumbura a daina jona shi. Ƙurar hunturu in ta toshe rami, a kashe na'urar a ciro da tsinken sakace, ban da allura.

Zainabu, Bukoki:
Allah ya saka da alheri. Biyu suka rage mini: waƙoƙin da suka riga suka ninku, da yadda wata ke fitowa a hankali wata ta fashe kunne.

Hadiza Info:
Na ninki, dupeGuru tana da salon kiɗa, tana kwatanta bayanan cikin fishiye ba suna kawai ba. Ki sa ta kwashe su zuwa wani dosiye maimakon sharewa, ki duba, don karatun sura ɗaya na makaranta biyu yakan fito mata a matsayin ninki. Na ƙara, MP3Gain, ki bar ta a 89 dB da take zuwa da shi. Ba ta sake matse waƙar, kuma ana iya janye gyaran. Ki gama waɗannan biyun da gyaran sunaye kafin ki nuna ma iTunes Rumbu. In kika matsar da fishiye bayan ta san wurinsa, alamar motsin rai za ki gani a gefen waƙar, sai kin nuna mata sabon wurin.

Lawali, Yantala:
Kuma tunda komai ya taru wuri ɗaya, diskin kwamfutar in ya mutu ya tafi da na kowa. A samu diski na waje, a yi masa nasa tsarin a FreeFileSync, sau ɗaya a wata, a saita shi ya ajiye abin da zai share a wani dosiye maimakon ya hallaka shi. A haɗa da fishiyen iTunes Library.itl da ke Musique\iTunes na kont ɗin lodi, jerin kowa a cikinsa yake, Rumbu waƙoƙin kawai ya riƙe. Diskin a formate shi NTFS, a cire shi daga kwamfuta da zarar an gama, kada ya kwana a jone.